Bargon Yaya da Kututturen Maɗaci

Da asuba muka tashi daga Kaduna, ana sallame salla, ni da maigidana a tsohuwar motarsa wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Ko ruwan zafi ban tsaya sha ba. A kan cinyata akwai wata jaka da na hana a jefa ta a but, kuma tunda kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Kafanchan ba biki ba suna, bari in fara da abin da ke cikin jakar.

Bargon jariri ne na ulu, saƙar kwarashi, wanda ba a gama ba. Yayata ce ta fara shi, Allah ya ji ƙanta. Ta yi shekaru tana koyarwa a wata firamare a Kafanchan, a can ta saba da wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Madakiya, mai rini da ɓawon itace da saiwoyi. Tun da aka ɗaura wa 'yarta aure Yaya ta fara wannan bargon, wai na jikanta na fari. Ta wuce rabi ulun ya ƙare, ga ciwo ya kwantar da ita, ta ce in ta samu sauƙi za ta koma a rina mata wani. Sauƙin bai samu ba. Yanzu cikin 'yar tata ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, ni kuwa na ɗaukar wa kaina alkawarin sai an naɗe jaririn nan a bargon kakarsa, cikakke, yadda ba wanda zai duba ya gane inda hannunta ya tsaya nawa ya ɗora.

Matsalar launin ce. Wani irin ƙasa-ƙasa ne mai ja a ciki, kamar bayan sabuwar tukunyar ƙasa da aka fito da ita daga wuta. Na zagaye masu sayar da ulu kaf, duk wanda na kara a jikin bargon sai ya riƙa ƙyalli kamar leda. Na san da ɓawon maɗaci aka rina shi, don haka na sayo ɓawon wajen masu magani na dafa da kaina. Abin da ya fito, in kun ga shayin da aka yi wa rowar ganye, to shi. Sai na tuna Yaya ta sha faɗa cewa launin na bishiya ɗaya ne, wani tsohon maɗaci a bakin rafin ƙauyen. Ta ce ba a ɓata, in an wuce Madakiya kaɗan za a hango shi ta hannun dama ya fi komai tsawo, a nan ake saukowa daga titi.

Gari ya waye mana a Kasuwan Magani. Muka tsaya wajen wata mai ƙosai, ga kunun gyaɗa mai zafi, muka karya a tsaye. Doya jibge a bakin hanya, manya-manya, kuma da jin yadda 'yan gari ke ciniki ta fi ta Kaduna araha nesa ba kusa ba. Amma da maigidana ya buɗe baki suka ji Hausarsa ta birni, nan take doya ta yi daraja. Ya tsaya zai yi musu, na ja shi, na ce ba doya ta fito da mu ba.

Hanyar nan wani wuri sumul, wani wuri kuwa rami ne ke gaishe da rami. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, dawa ta fitar da kai, duwatsu sun sha wanka. Da ba don abin da ke raina ba da na more kallo. A wani shinge aka tsayar da mu, wani ya leƙo ya ga na rungume jaka, ya ce a buɗe. Ya sa hannun da ya gama ɓarar gyaɗa da shi ya ɗaga bargon Yaya yana juya shi, wai mene ne wannan. Ana cikin haka wata babbar mota ta zo, an lafta mata buhunan gawayi har ta karkace, direban ya ɗaga hannu kawai ya wuce abinsa. Na ce ikon Allah, wato ni mai bargon jariri ni ce abar bincike! Maigidana ya taka mini ƙafa, na yi shiru, amma na karɓe bargon na kakkaɓe shi a gaban mutumin don ya san na gani.

Tun kafin mu shiga Kachia ƙamshin citta ya tarye mu. Mata sun baje ta a kan tabarmi tana shan rana, sai dai kowa ka tambaya kuka yake yi, wai cuta ta shiga gonaki citta tana ruɓewa tun a ƙasa. Abin da ya fi citta yawa a bakin titi shi ne gawayi. Buhu kan buhu, an toshe bakin kowanne da ganye, daga wannan ƙauye zuwa wancan kamar an yi musu gasa. Maigidana har da rage gudu, yana cewa wannan ai banza ce ta faɗi, in za mu dawo sai mun cika but. Na ce Allah ya kai mu. A lokacin ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Muka wuce Zonkwa, muka wuce Madakiya, na kafa ido ta hannun dama. Gonaki, ciyawa, 'yan bishiyoyin mangwaro, wata majami'a mai jan kwano. Ba maɗaci. Na ce ƙila gaba ne. Muna ta gaba har sai ga dutsen Kagoro tsaye a gabanmu, ga Kafanchan mun shigo. Maigidana ya fara tsokana, wai ko dai hannun daman Yaya daban ne da na sauran mutane. Ban yi dariya ba.

Tunda mun riga mun shigo gari, na ce a fara da neman ulu. Ga waɗanda ba su sani ba, abin da ake sayar mana a kasuwa da sunan ulu yawanci roba ce, kuma roba ba ta shan rinin itace, ko kwana za ta yi a tukunya fara za ta fito. Na gashin tumaki ake nema. Yaya a layin 'yan gwanjo na kasuwar Kafanchan take samunsa, ta sayi farar suwaita ta warware. Hanyar ganewa kuwa ɗaya ce, a ciro ɗan zare a kusanta shi da wuta. In ya yi ƙaurin babbakar kan rago ya murmushe ya zama toka, na gaske ne. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce.

Mai gwanjon farko ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa suwaitarsa daga jikin tunkiya aka cire ta. Na zaro ashana. Kai, ku ga yadda ya daka tsalle! "Hajiya, shago za ki ƙona mini?" Na ce zare ɗaya tak daga cikin haɓar suwaitar. Zaren ya narke ya manne mini a yatsa, na nuna masa, na ce wannan tunkiyar taka a kamfanin bokiti aka haife ta. Maƙwabtansa suka yi ta dariya, shi kuwa ya ce in ƙara gaba. Sai can ƙarshen layi na samu wata babbar farar suwaita ta maza, gwiwar hannunta ta huje, amma da na gwada sai ga ƙaurin babbaka. Ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba.

Mun sauka a gidan wata tsohuwar maƙwabciyar Yaya. Ta yi mana faten acca da yakuwa wanda har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke. Da la'asar muka zauna a tsakar gida ni da ita muka warware suwaitar, muka naɗe zaren a bayan kujera ɗauri-ɗauri, muka wanke da ruwan ɗumi muka shanya. Muna yi tana ba ni labarin Yaya, muna dariya muna share ido.

Washegari da hantsi muka koma hanyar Madakiya. Muka je, muka dawo, muka sake komawa, mota tana tafiya kamar ta masu tallan magani. Da na gaji na ce a tsaya wajen wata mata mai gasa masara a bakin wata 'yar hanya. Na tambaye ta gidan Mama mai rini, ta nuna mini hanyar da take zaune a bakinta, wadda muka wuce ta ba sau ɗaya ba. Na ce to ina babban maɗacin da ake hangowa daga nan? Ta juya masararta, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wannan? Ai ya shiga mota ya tafi birni tun bara."

Na koma mota na faɗa wa maigidana, shi ma tsokanar ta ƙare masa.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Hanyar shigarsa mota ba ta iya ta har ƙarshe, muka ajiye ta a gindin wani mangwaro muka taka. Mun tarar da Mama a ƙofar ɗakinta tana tsefe kaba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tafin hannunta ya rine ya yi ja-ja, irin rinin da sabulu ya daina yi wa komai. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na zaro bargon. Tana ganinsa ta ajiye kabar ta miƙo hannu biyu.

"Wannan na Malama ne," ta ce. Hausarta irin ta can ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. "Ina shi? Ya ce zai dawo, har yau."

Ashe ba wanda ya gaya mata. Ni na gaya mata, a tsaye, a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Wayyo Yesu," ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da bargon. Da ta nutsu ta yi mini ta'aziyya, ta yi wa Yaya addu'a irin tasu, na amsa irin tamu. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta daɗe tana shafa bargon, can ta tashi ta ɗauki wata 'yar wuƙa da ƙwarya, ta ce mu je in gani da idona.

A hanyar rafi take ba ni labarin. Tun tana amarya uwar mijinta ta nuna mata bishiyar, ta kuma koya mata ƙa'idar ɗibar ɓawo. Ba a zagaye bishiya da wuƙa, in an zagaye ta an kashe ta. Faɗin tafin hannu ake yanka a gefe ɗaya, a kwaɓa laka daga bakin rafi a shafe wurin, kada rana da ƙwari su shiga. Ba a komawa wannan gefen sai ya warke ya rufe. Haka ta yi ta zagaya maɗacin nan kaɗan-kaɗan tun ƙuruciya har tsufa, ta rina kabar tabarma da shi, ta rina zaren auduga, da matan mishan suka koya musu saƙa ta rina ulu. Ta ce ƙananan maɗatai ruwansu fari-fari ne, sai wanda ya tsufa a jar ƙasa kusa da ruwa yake ba da wannan jan. Manyan da ke yankin an riga an gama da su, shi kaɗai ya rage.

To, bara 'yarta ta haihu a Jos, ta je wankan jego. A al'adarsu bishiya ta mazan gida ce, mijinta kuwa ya rasu, don haka ƙanin mijin ne mai magana. Tana can ya kira masu injin yanka katako ya sayar. Suka kwashe gangar jikin a mota, masu gawayi suka bi bayansu suka tara rassan suka rufe da ƙasa suka cinna wuta. Da ta dawo, sarari ta tarar.

Mun iso wurin. Jama'a, kututturen nan in an shimfiɗa tabarma a kansa mutum zai kwanta ya miƙe ƙafa. Tsawonsa bai wuce gwiwata ba. A gefe ga baƙin tabo a ƙasa inda aka ƙona gawayin, ko ciyawa ta ƙi fitowa. A jikin ɗan abin da ya rage kana ganin tsofaffin wuraren da Mama ta yanka, sun warke sun yi leɓe, shaidar hannun da ya yi shekaru yana ɗiba yana lallashi. Wallahi zuciyata tafasa ta riƙa yi. Mace ta yi rayuwarta tana ɗibar faɗin tafin hannu don kada bishiya ta ji ciwo, wani ya zo da inji ya gama da ita kafin a sauke tukunyar rana!

Mama ta durƙusa da ƙyar ta fara ɓamɓarar ɓawon da ya rage a gindin. Ya bushe, ya yi duhu, wani wurin gara ta fara ci. Ta yanki gefe ɗaya ta tsaya, ta dubi ƙwaryar, ta dubi yawan ulun da na zo da shi. Sai ta ci gaba. Ta bi kututturen nan ta zagaye shi kaf, abin da ta ce ba ta taɓa yi wa bishiya ba tunda take. Da ta gama, ban ankara ba sai na ga ta nufi bakin rafi ta ɗebo laka tana kwaɓawa a tafin hannu. Ta dawo har ta kai hannu, sai ta tsaya tana kallon lakar. Na ɗauka za ta yar. Ba ta yar ba, ta shafe kututturen tsaf kamar yadda ta saba, ta wanke hannu muka juyo. A nan ne na kasa riƙe hawayena, kuma ba na tausayi ba ne kaɗai, har da na takaici.

A gida muka daka ɓawon a turmi, ni da ita muna karɓa-karɓa, ɗacinsa yana shigar mana maƙogwaro. Ta zuba a tsohuwar tukunyar ƙasa da ruwan rafin, ta ce ƙarfe yana ɓata launi. Yana dahuwa ta jiƙa ulun a ruwan ɗumi da ɗan alif, irin wanda muke sa wa ruwa ya kwanta, wai shi ke sa rini ya kama. Da ruwan ɓawon ya yi jawur ta tace da tsumma, ta bar shi ya huce har hannu zai iya shiga, sannan ta zura ulun a hankali ta janye itacen wuta ya rage garwashi. Na ɗauki muciya zan juya, ta buge mini hannu. "Ba tuwo ne ba, 'yata." Ashe ulu in ya sha tafasa ko juyi curewa yake yi ya zama kamar tabarmar gashi, ba mai iya warware shi.

Muna zaune muna gadin tukunya sai ga ƙanin mijin nata ya shigo gaishe da baƙi. Dattijo ne mai fara'a, har da kawo mana rake. Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani na yi niyya. Amma da ya leƙa tukunyar ya ce, "A'a, har yanzu ana wannan aiki?" sai bakina ya ƙwace.

Na ce, "Baba, ai dole a yi da ɗan abin da kuka rage."

Ya gane. Fara'ar ta ragu, ya ce, "Madam, bishiya na kakanmu ne. Citta ya ruɓe mini duka, yara na makaranta. In zauna ina kallon itace?"

Na ce ban ce kada ya sayar da abinsa ba, yunwa ba wasa ba ce, kowa ya san halin da ake ciki. Amma don Allah, masu katako ɓawo suke saya? Ba da shi suke tafiya ba, ƙonewa ya yi a banza tare da rassan. Me zai ragu a jikinsa in ya jira matar wansa ta dawo, ko ya aika mata, ko ya sa a ɓamɓare ɓawon a zuba mata a buhu? Da ta samu abin da za ta yi rini da shi har ƙarshen ranta. Bai rasa komai ba, tunawa da ita ce kawai bai yi ba.

Ya ce, "Ban yi tunaninsa ba." Wannan amsar ta fi komai ƙona mini rai, domin na san gaskiya ya faɗa. Ba mugunta ba ce, bai ma ɗauki aikin nata a matsayin abin da za a tuna da shi ba. Maigidana yana ta yi mini ido, Mama ta dafa gwiwata ta ce, "Bar shi, 'yata, ya riga ya faɗi." Na bar shi, amma raken nan ban sha ba.

Ulun a tukunya ya kwana, mu muka koma Kafanchan. Da safe muka dawo, muka ɗauraye shi a rafi har ruwan ya fita fari, muka shanya a inuwa don rana tana cin launi. A jiƙe ya yi kyau ƙwarai, har na fara murna. Mama dai ta ce a jira ya bushe. Muka ci dafaffen rogo da ƙuli muna jira. Da ya sha iska ta ɗauko ɗauri ɗaya ta ɗora a kan bargon, muka fita haske.

Bai yi daidai ba. Ɗan uwansa ne, ba musu, amma ya fi shi duhu, jan ya ja baya, ƙasa-ƙasan ya fito. Na juya shi ta nan, na juya ta can, na ce ko in an sake wankewa. Mama ta girgiza kai. Ta ce na Malama ɗanyen ɓawo ne daga bishiya mai rai, wannan kuwa na gindi ne da ya shekara a rana. "Abin da ya rage masa ke nan, ya ba ki duka." Na tambaya ko akwai wani maɗacin a wani ƙauye, ko da nisa. Ta ce in na samu in zo in gaya mata.

Na yi mata ɗan alheri, da ƙyar ta karɓa. Ta rako mu har gindin mangwaron da muka bar mota, ta ce in jaririn ya zo a gaya masa yana da kaka a nan.

Muka kama hanyar dawowa. Bayan Kachia muka iso wajen buhunan gawayin nan, maigidana ya rage gudu kamar yadda ya yi alkawari, masu sayarwa har sun taso da gudu. Ya juyo ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya dai taka mota muka wuce. Kada ku ce na zama waliyyiya, ni ma da gawayi nake girki in gas ya gagara, kuma buhun da ke madafata bai faɗo daga sama ba. Amma ranar dai, da ulun nan a cinyata, ba zan iya haɗa su a mota ɗaya ba. Mun shigo Kaduna ana kiran magariba, a gajiye, but ɗinmu wayam, ko doyar ba mu saya ba.

Na zauna na ƙarasa bargon a 'yan kwanaki. Saƙar ta hau daidai, don hannunmu ɗaya da Yaya, uwa ɗaya ta koya mana. Amma layin yana nan ɓaro-ɓaro, daga gefe zuwa gefe, ko daga bakin ƙofa ana ganinsa. Duk lokacin da na kalle shi sai ran nawa ya sake ɓaci. Har na yanke shawarar in saƙa wata kwalliya in ɗora a kai ta rufe shi.

Kafin in yi haka 'yar Yaya ta zo gaishe ni, tana tafiya da ƙyar. Na ɗauko bargon ina ta ba ta haƙuri, ina ba ta labarin injin katako da ƙanin miji, ina faɗa kamar ita ta sare bishiyar. Ba ta saurare ni ba. Ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta ɗora yatsa a kan layin, ta bi shi a hankali har ƙarshe.

"Anti, nan Umma ta tsaya?"

Na ce nan ne.

Ta ce, "To kada ki rufe. Da ya yi daidai da ban taɓa sanin wurin ba."

Na bar shi yadda yake. Amma kada wanda ya ce mini ai ga shi abin ya zama alheri, ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, yawancin ɓarnar da ake yi mana ba maƙiya ke yin ta ba, mutanen kirki ne masu kawo wa baƙo rake, waɗanda ba su tsaya sun tambayi wa ke amfani da abu kafin su sayar da shi ba. In kuna da tsohuwa a gida mai wata sana'ar hannu, ku tambaye ta da me take yi, kuma daga ina take samowa, tun abin yana tsaye.

Bargon yana cikin kayan haihuwa yanzu, an ninke shi a saman akwati. Yaya ta tafi, Mama ta tsufa, gangar maɗacin tana can ta zama ƙofar gidan wani, rassansa sun dafa wa wasu shinkafa. In yaron nan ya girma ya tambayi wace irin bishiya ce ta ba da wannan launin, ba mu da inda za mu kai shi. Sai dai mu ɗauko masa bargon.